Leda Dai Leda Ta? Abin da Buhun Waken Kawu Ya Koya Mini

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Yau da labarin asara zan fara. Bara da kaka, Kawuna da ke noma a wani ƙauye ta wajen Shagari ya samu wake buhu uku. Niyyarsa ya ajiye sai bazara, idan farashi ya tashi ya sayar ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Buhu biyu ya zuba a buhun nan mai ciki uku da ake sayarwa don ajiyar wake. Da aka zo na ukun kuɗi sun gaza, sai ya sayo wata babbar leda shara-shara a kasuwa, ya zura ta cikin buhun taki da aka wanke, ya ɗura wake ya ɗaure. Ranar na taso daga Bodinga na je gaishe shi, a gabana aka yi. Na ce, "Kawu, anya wannan ledar za ta riƙe?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, leda dai leda ta."

Bayan wata biyar aka kwance. Buhu biyun nan lafiya lau, kamar jiya aka sussuke. Na ukun kuwa, kana zura hannu sai gari da ƙwari. Kowace ƙwaya ta sha huji biyu, uku. Da ƙyar aka sayar da shi a kuɗin abincin dabbobi. Kawu bai ce komai ba, amma na ga fuskarsa.

To wannan maganar tasa ta tsaya mini a rai. Shin da gaske leda dai leda ce? Abin da ya raba buhun da ya tsira da wanda ya lalace bai kai kaurin gashin kai biyu ba. Yau a kan wannan ɗan kaurin za mu yi hira, kuma daga ƙarshe za mu gangara har inda ido ba ya gani.

Bari mu fara da awo, don in ba awo maganar ba za ta zauna ba. Ka ɗauki rula, ka dubi ƙaramin layin nan na milimita ɗaya. Ka raba shi gida 1,000. Kowane gida sunansa maikiron. Gashin kan mutum yana kai maikiron 50 zuwa 100. Baƙar ledar nan da mai tumatir yake ƙulla maka kaya a ciki, galibi tsakanin maikiron 10 zuwa 20 take. Ledar fiya wata ta fi ta sosai, ita tana wajen kaurin gashi. Kowace ledar ciki ta buhun ajiyar wake kuwa maikiron 80 ce, kuma guda biyu ne. Ka riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

Yanzu, mece ce leda? Sunan abin da ake yin ta da shi foliyetilin, ɗaya daga cikin dangin da masana suke kira folima. Folima na nufin abu mai dogayen sarƙoƙi, ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya sun riƙe hannun juna dubbai a jere. Wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger ne ya fito da wannan bayani a 1920. Manyan masana na lokacin suka ƙi yarda, amma a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kai. Ita foliyetilin ɗin da muke amfani da ita, a Ingila aka ci karo da ita a 1933, a kamfanin ICI, lokacin da Reginald Gibson da Eric Fawcett suke wani gwaji na daban, suka tarar da wani farin abu kamar kakin zuma a cikin tukunyarsu. Jakar leda mai hannu kuma wani injiniya ɗan Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya tsara ta, kamfaninsa ya yi mata rajista a 1965. Wato kakanninmu da yawa sun girmi leda.

In kana son ka hango cikin leda, ka tuna taliya 'yar murji da aka dafa aka juye a kwano. Kowane zare ya cuɗe da ɗan'uwansa, in ka ja ɗaya sai goma su biyo. Ƙarfin leda daga wannan cuɗewar yake fitowa. Wasu sarƙoƙin suna da rassa, ba sa iya kwanciya kusa da juna, sai ledar ta fito da laushi da santsi, irin ta fiya wata. Wasu kuma miƙaƙƙu ne, suna jeruwa su matse, sai ledar ta fito da tauri, in ka taɓa ta tana ƙara kacau-kacau. Hanyar yin wannan miƙaƙƙiyar Karl Ziegler ne ya gano ta a Jamus a 1953.

Yadda ake yin ta ma abin kallo ne. Ana kawo ƙwayoyin roba kamar shinkafa, irin waɗanda ake yi a masana'antar Eleme kusa da Fatakwal. A masana'antun leda, kamar na Sharaɗa da Bompai a Kano, sai a narkar da su, a turo ta wani zobe, a hura iska a tsakiya. Sai ka ga dogon balan-balan ya tashi sama, ana jan sa yana sanyi, ana naɗewa. Yawan ja da yawan hurawa su ke yanke kaurin. Mai masana'anta kuma da kilo yake sayen roba, amma da ƙirge ake sayar maka da leda. Ka ga ke nan duk maikiron ɗin da ya rage, riba ce gare shi.

To yanzu ga gwaji, ka yi shi yau ɗin nan. Ka samu baƙar leda, ka yanko tsiri kamar faɗin yatsa biyu. Ka ja kaɗan ka saki, za ta koma yadda take. Wannan matakin farko ne, sarƙoƙin sun miƙe kaɗan amma ba su bar wurinsu ba. Ka ƙara ja. Akwai inda za ka ji kamar ta sakar maka, wani wuri ya tsuke ya yi haske, kuma tsukewar tana bin tsirin tana tafiya. A nan sarƙoƙin sun fara zamewa a kan juna, suna jeruwa ta inda kake ja. In ka saki yanzu ba za ta koma ba. Abin mamakin, wurin da ya tsuke ya fi sauran ƙarfi ta tsawo, shi ya sa hannun leda yake zama kamar igiya ya yanke maka yatsu in ka ɗauko kaya mai nauyi. Ka ci gaba da ja, sai ta tsinke. Mataki uku ke nan: miƙewa mai komawa, miƙewa marar komawa, da tsinkewa.

Ina kauri ya shigo? Nauyin da leda za ta ɗauka kafin ta saki yana bin kaurinta kai tsaye. In roba iri ɗaya ce, mai maikiron 80 tana ɗaukar fiye da ninki biyar na abin da mai maikiron 15 za ta ɗauka. Wajen lanƙwasawa kuwa abin ya fi haka nisa. In ka ninka kauri sau biyu, taurin lanƙwasawa yana ninkuwa sau takwas. Shi ya sa jarka take tsayawa da ƙafarta, leda kuma iska take ɗauka ta rataye a kan ƙaya, alhali dangin roba ɗaya ne.

Sai maganar tsaga. Ka taɓa lura da bakin ledar biskit ko ta madarar gari, yadda aka yi masa haƙora kamar zarto? Da gangan ne. In ka ja leda lafiyayya, ƙarfin yana rarrabuwa ko'ina. In akwai 'yar tsaga, duk ƙarfin sai ya taru a bakin tsagar, sarƙoƙin wurin su tsinke, tsagar ta matsa gaba, na gaba su ma su tsinke. Wani injiniyan Ingila, Alan Griffith, ya yi bayanin wannan a kan gilashi a 1921. Haka kake yi da haƙori in za ka sha fiya wata. Kuma baƙar ledar nan mai ƙara ta fi saurin yagewa ta gefe ɗaya, ta inda injin ya ja ta, don sarƙoƙin sun jeru ta nan, tsagar tana bi ta tsakaninsu kamar yadda ake faskara ice.

Akwai kuma abokan gaba biyu da mu 'yan Sakkwato muka sani sarai: zafi da rana. Leda mai laushi tana narkewa a wajen digiri 105 zuwa 115 a ma'aunin Salshiyos, mai tauri a wajen 130. Ruwa yana tafasa a 100, shi ya sa alalar leda take dahuwa ba tare da ledar ta narke ba, ko da yake ta yi laushi sosai. Man da ake soya ƙosai kuwa yana wuce 170, shi ya sa ƙosai daga kasko yake huda leda. Baƙar leda ma sau da yawa daga tsohuwar roba ake sake narko ta, ba don abinci aka yi ta ba, gara ka je da kwanonka. Kuma tun kafin narkewa, zafi yana sa sarƙoƙi su riƙa zamewa a hankali in akwai nauyi a kansu. Ka rataye ledar gero a ƙusa a watan Afrilu, lokacin da zafinmu yake haura digiri 40, ka dawo bayan kwana biyu ka ga yadda hannun ya ƙara tsawo. Hasken rana shi kuma yanka sarƙoƙin yake yi guntu-guntu. Taliyar da aka kakkarya ba ta cuɗewa. Shi ya sa ledar da ta yi watanni a rana, kana taɓa ta take marmashewa. Ba ɓacewa ta yi ba fa, ta koma ƙananan gutsattsari ne a cikin ƙasar gona.

Mu koma wajen Kawu. Buhun nan mai ciki uku ana kiran sa PICS. Ya samo asali daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka tare da masu bincike a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, har da Nijeriya da Nijar. Ba magani a cikinsa ko kaɗan. Dabarar ita ce, ƙwaron wake tun daga gona yake biyo wake, yana cikin ƙwayar. In ka rufe buhun ruf, ƙwarin da kansu suke shanye iskar oksijin da ke ciki. In ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Leda biyu na ciki su ke tare iska, buhun waje saƙaƙƙe shi ke ɗaukar nauyi da gogayya.

Ledar Kawu ta faɗi ta hanya biyu. Ta farko, iska tana ratsa leda ko babu huji, tana bi ta tsakanin sarƙoƙi a hankali. In ka rage kauri da rabi, abin da ke ratsawa ya ninka. Siririyar leda guda ɗaya tana barin iskar da za ta ishi ƙwari su rayu. Ta biyu, da muka ɗaga ledar a rana mun ga ƙananan huji, wasu daga tsinken kowar wake, wasu kuma ƙwarin ne suka huda. Siririyar leda ba ta da naman da za ta miƙe ta lulluɓe tsini, nan take take fashewa. Huji ɗaya ya isa.

Saboda haka in za ka ajiye wake, ko za ka taya iyayenka, ga abin da masu buhun suke koyarwa. Wake ya bushe sosai, a sheƙe shi a fitar da tsinke da tsakuwa. Kafin a zuba, a cika kowace leda da iska, a riƙe bakin a matsa, a ji ko tana sacewa. A ɗaure kowace ɗaya daban bayan an matse iskar da ta rage a sama. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, nesa da ɓera, kuma a inuwa. Amfanin bai tsaya ga kuɗi ba, don wanda ya yi haka ba ya buƙatar zuba wa wake maganin ƙwari, wanda shi kansa yana kai mutane asibiti.

Yauwa. Yanzu mu gangara ƙasa. Ka ɗauki maikiron ɗaya ɗin nan ka sake raba shi gida 1,000. Kowane gida nanomita ne. Farcenka yana tsiro kusan nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa. In ka ga launuka kamar bakan gizo a jikin kumfar sabulu, ko a kan ruwan da fetur ya zuba, kaurin wannan fatar 'yan ɗaruruwan nanomita ne. Masana suna iya yin fatar folima da ba ta kai nanomita 100 ba, wato ta fi baƙar ledarka siranta sau ɗari da wani abu. A nan ne lissafin da na ba ku ɗazu yake fara karkacewa.

Dalili shi ne, sarƙa ɗaya in ta dunƙule, faɗinta yana kai gomman nanomita. In fatar ta kusa wannan kaurin, kamar ka shimfiɗa taliya ce zare ɗaiɗai a faranti, kowane zare ba shi da maƙwabta da yawa da zai cuɗe da su. Sannan sarƙoƙin da ke saman fata sun fi na ciki walwala, don ba abin da ya danne su ta sama. A leda mai kauri wannan saman ba a bakin komai yake ba. A fatar nanomita 20 kuwa, shi ne babban kaso na jikinta.

A 1994, Keddie da Jones da Cory a Jami'ar Kambirij suka auna wannan da folistirin, robar da ake yin farin mazubin abinci na tafi-da-gidanka. Ita tana fara laushi ne a wajen digiri 100. Suka ga in fatar ta yi siriri sosai, laushin yana farawa a ƙasa da haka. A 1996 wasu masana a Jami'ar Guelph ta Kanada suka gwada fatar da ba ta manne da komai ba, suka ga saukar ta kai gomman digiri. Roba ɗaya, sinadari ɗaya, amma kauri kaɗai ya canza mata hali.

Za ka ce, to ya ake jan abin da ko yatsa ba ya iya ɗauka? Ka san yanar da take kwanciya a kan kunu in ya huce? In ka tura ta da cokali sai ta tattare ta yi layi-layi. A 2004 Christopher Stafford da abokan aikinsa a hukumar awo ta Amurka, NIST, suka mai da wannan ma'auni. Suna ɗora fatar a kan roba mai laushi, su matsa, ta tattare, su auna tazarar da ke tsakanin layukan. Fata mai tauri layukanta sun fi tazara. Da wannan suka ga taurin folistirin yana raguwa in ta yi ƙasa da nanomita 40 ko makamancin haka. Wasu masanan suna shimfiɗa fatar a kan ruwa ne su ja ta tana yawo. A 2005 kuma O'Connell da McKenna a Texas suka hura ƙananan kumfa da irin wannan fata mai ɗumi, su kuma suka ga ta ƙara tauri. Har yau ana tafka muhawara a kan yadda za a haɗa waɗannan sakamakon, don abin ya danganta da zafi, da irin robar, da abin da fatar ta kwanta a kai.

Kada ka ce wannan maganar Turai ce. In gidan ruwan da kake shan fiya watansu yana da injin tacewa da ake kira RO, to ruwan nan ya ratsa ta irin wannan fatar kafin ya shiga leda. A cikin dogon bututun injin akwai takarda naɗaɗɗiya mai hawa uku. Hawa na sama, wanda shi ke tare gishiri, fatar foliyamid ce mai kaurin nanomita 100 zuwa 200. John Cadotte ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. An yi ta siririya ne don ruwa ya wuce da sauri, kuma tana jure matsin da ya ninka na tayar mota sau da dama, saboda hawa biyu na ƙasa suna tallafe da ita. Dabarar buhun Kawu ce sak: wani yana tarewa, wani yana ɗaukar nauyi. Kuma kamar yadda rana take yanka sarƙar leda, haka kulorin yake cin wannan fatar, shi ya sa ake fara bi da ruwan ta matatar gawayi. In kana aiki a gidan ruwa, ko kana shirin buɗewa, ka riƙe wannan.

Gwamnatoci ma da maikiron suke yin doka. Siririyar leda ba ta jure amfani biyu, mai jari-bola ba ya tsintar ta don ba nauyi, sai ta ƙare a kwata ko a cikin tumbin akuya. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga cikin dabba. Bangladash ta hana siririyar leda a 2002, Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokarta a 2014. Indiya kuwa ta ce daga ƙarshen 2022 kada jakar leda ta gaza maikiron 120.

Bana da kaka na koma wajen Kawu da buhu uku masu ciki uku. Na tarar ya riga ni, ya sayo nasa. Ina kallo ya cika leda da iska, ya matsa ta a ƙirji, ya kara kunne yana saurare. Na ce, "Kawu, ba leda dai leda ta ba?" Ya ce, "Kama mini bakin buhun nan, ka bar surutu." An ɗaga bikin zuwa bayan sallah, in Allah Ya kai mu.

Ku gwada jan ledar nan ta tsawo da ta faɗi, ku gaya mini ta ina ta fi saurin yagewa. Wanda kuma aka taɓa yi wa asarar wake ko masara a gidansu, ya ba mu labarin yadda aka ajiye ta. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.